Kada a Haɗiye Ƙugiya: Wa Ake Yi wa Gargaɗin Jikin Kaya?

Ana saura kwana uku a koma lakwal na shiga kasuwa na sayo wa autata takalmi. Shekararta bakwai, bana ta shiga CP. Da na kawo gida ta yage kwalin da ɗoki, sai ga wani ɗan ƙunshi fari ya faɗo, cike da ƴan ƙwayoyi kamar tsakin gero. Ta ɗauka ta girgiza shi kusa da kunne, ta ce, "Baba, alawa suka saka mini gyara?" Na karɓa na duba. An yi rubutu a jikinsa da Ingilishi da Faransanci da rubutun Sinawa, duk abu guda suke faɗi: kada a ci, a jefar. Da na fassara musu, yayanta da ke kolej ya kwashe da dariya, ya ce, "To wane ne zai sayi takalmi ya tsaya neman abinci a cikin kwalin?" Muka yi ta dariya har da ita autar. Uwarsu tana bakin murhu, ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, in kun gama dariyar ku tuna abin da yarinyar ta tambaya da farko."

Wannan ɗan ƙunshi ba baƙon kowa ba ne. Yana cikin kwalin takalmi da na jaka da na rediyo, har da wasu robobin magani. Sunan abin da ke cikinsa silika, aikinsa tsotse laima don kada kaya su yi fumfuna a doguwar tafiyar jirgin ruwa. Ba guba ba ce mai kisa, amma ƙaramin yaro na iya shaƙewa da ita. Na daɗe ina ganinsa ina murmushi, domin ina cikin masu sha'awar irin wannan rubutu na jikin kaya. Wani tsofaffin kuɗi yake tarawa, wani hotunan ƴan ƙwallo, ni kuwa a bayan wani tsohon kaye nake tara gargaɗin da ya ba ni dariya.

Ashe ma ba ni kaɗai ba ne. A Amurka, inda irin wannan rubutu ya fi yawa, wata ƙungiya ta jihar Mishigan mai suna M-LAW ta buɗe gasa a 1997. Jama'a suka riƙa aiko da gargaɗin da suka gani a jikin kaya na gaske, a zaɓi wanda ya fi ban dariya, a ba wanda ya aiko kyautar kuɗi. Ga kaɗan daga cikin abin da gasar ta fito da shi. A jikin keken tura jarirai an rubuta a fitar da yaro kafin a naɗe keken. A jikin burushin wanke masai an rubuta kada a wanke jiki da shi. Ƙugiyar kamun kifi mai baki uku an ce tana cutarwa idan aka haɗiye ta, sai ka ce kifin ake gaya wa. Injin wankin tufafi an ce kada a saka mutum a ciki. Hoton da ake manna wa riga da dutsen guga an ce kada a goga shi alhali rigar tana jikin mai ita. Wata ƴar tarakta kuwa ta taƙaita magana, aka rubuta mata: haɗari, a guji mutuwa. Jagoran gasar, Bob Dorigo Jones, ya tara irinsu 101 ya fitar da littafi a 2007, kuma daga gargaɗin keken jarirai ya ɗauko sunan littafin.

Ni malami ne a makarantar horon malamai. Shekara ashirin da ƴan kai ina riƙe da alli, rabinsu a firamaren ƙauye. Duk shekara nakan karanta wa ɗalibaina waɗannan gargaɗi idan mun zo darasin yadda ake ba yara umarni, kuma duk shekara sai an samu wanda ya share hawayen dariya ya ce, "Mushe, ashe su ma Nasara suna da wawaye?" Amsar da nake bayarwa ita ce, suna da su kamar kowa, amma ba don wawaye aka yi rubutun ba. Wanda ya rubuta a fitar da yaro kafin a naɗe keke ya san uwa ba ta buƙatar a gaya mata. Alƙali yake yi wa magana. A ƙasarsu, idan kaya suka ji wa mutum ciwo yana iya kai kamfanin kotu, kuma daga cikin abin da ake tambaya har da ko kamfanin ya yi gargaɗi. To layi ɗaya na tawada ya fi biyan diyya arha. Shi ya sa lauya ke zama ya hasaso duk wata wauta da ɗan Adam zai iya aikatawa da burushi, ya sa a rubuta, don ranar shari'a ya ɗaga kwali ya ce, "Ai mun faɗa."

Labarin da aka fi kafa hujja da shi a wannan fage shi ne na kofin kofi mai ɗauke da rubutun "hattara, da zafi". Shekaru ina ba da shi a aji kamar yadda na ji shi: wai wata mata ta zubar wa kanta kofi, ta kai ƙara, ta zama miloniya. Da na tsaya na karanta yadda abin ya faru sai kunya ta kama ni. Sunanta Stella Liebeck, shekararta 79. A watan Fabrairu na 1992, a garin Albakarki na jihar Niyu Meziko, ta sayi kofi a gidan abincin McDonald's. Jikanta ke jan motar, ya kuma tsaya don ta zuba sukari da madara. Ta riƙe kofin tsakanin gwiwoyinta, garin cire murfi ya kife mata a cinya. A lokacin kamfanin yana ajiye kofinsa a kan zafin digiri 82 zuwa 88, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Irin wannan zafi yana cin fata har ƙasa cikin ƴan daƙiƙu. Ta yi kwana 8 a asibiti, aka yi mata dashen fata, ta shafe shekara biyu tana jiyya. Da farko dalar Amurka 20,000 ta nema don kuɗin magani, kamfanin ya ce zai ba ta 800. A kotu ne ta bayyana cewa cikin shekara goma kafin nan kamfanin ya samu ƙorafin ƙuna sama da 700. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ita ma tana da kashi 20 cikin 100 na laifin, suka yanka mata diyyar dala 160,000, suka ci kamfanin tarar dala miliyan 2.7. Alƙali ya rage tarar zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a shari'ar shi ne, kofin yana da gargaɗi a jikinsa tun kafin tsohuwar ta ƙone. An rubuta, amma rubutun ƙarami ne, kuma bai gaya mata abin da ba ta sani ba. Kowa ya san kofi da zafi. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan zafin yana iya kai mutum ɗakin tiyata.

Haka na daina dariyar ledar gyaɗa da aka rubuta wa "akwai gyaɗa a ciki". Mu nan gyaɗa abokiyar hira ce, muna cinta soyayya da dafaffiya, muna cin ƙulinta, muna miya da manta. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan, ƙwara ɗaya sai ta tayar musu da borin jini mai tsanani, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya ɗauke. Dokar Tarayyar Turai ta lissafa abinci 14 da dole a bayyana su a jikin kaya, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai, kuma doka ba ta ware ledar gyaɗa don kawai abin zai yi kama da wasa. A 2016 wata yarinya ƴar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin saman Landan. Jikinta ba ya karɓar riɗi, ta duba ledar ba ta ga an ambace shi ba, ta ci. Ashe an kwaɓa riɗin cikin burodin. A cikin jirgi ciwon ya taso mata, kuma ba ta tashi ba. Iyayenta suka yi ta fafutuka har a watan Oktoba na 2021 aka fara aiki da dokar da ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin irin wannan abinci. Riɗin nan dai da muke yi wa kantu muna ba yara.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi duk gargaɗi alheri ne. Yawansa ma cuta ne. A 1986 mutanen jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a suka amince da wata doka da ta ce duk abin da ke ɗauke da sinadarin da aka san yana jawo ciwon daji ko lahani ga haihuwa, a rubuta. Niyyar mai kyau ce. Amma jerin sinadaran ya kai kusan 900, kamfanoni kuma don tsoron ƙara suka shiga manna gargaɗin a ko'ina: otal, wurin ajiye motoci, kayan ɗaki, gidan abinci. A 2018 wani alƙali a Los Anjalas ya ce har kofi ma sai an manna masa, sai a 2019 hukumar jihar ta cire kofi daga ciki. Mutumin da ya ga alamar ciwon daji a ƙofar otal da safe, ya gan ta a kujera da rana, ya gan ta a kofin shayi da yamma, ranar da ya gan ta a jikin abin da ke kisa da gaske ba zai ko tsaya ba. Ido ya riga ya saba.

Wannan matsalar masu yawan rubutu ce. Mu dawo gida mu ga tamu, domin laifi tudu ne.

Kayan da ke shigo mana Maradi ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Kwatano, ko daga Sin da Dubai, suna zuwa da gargaɗinsu da Ingilishi, Faransanci, Larabci ko rubutun Sinawa. Da wuya ka ga na Hausa. Mahaifiyata ta fi ni sanin duk abin da ke cikin ɗakin girki, amma idan ta ɗauki kwalbar jabel rubutun jikinta ado ne a wurinta. Shi lauyan kamfanin ya fita haƙƙin kotun ƙasarsu, ita kuwa ba a gaya mata kome ba. Wannan ke nan ga kayan da ke da rubutu. Abubuwan da suka fi haɗari a gidajenmu kuwa ko rubutun ba su da shi. Piya-piya a ƴar kwalba ba suna ba alama. Sodar yin sabulu a ƙulle a leda, fara tas kamar sukari, idan aka jiƙa ta kuma kamar ruwan sha. Ƙwayoyin magani a farantin mai talla, an raba su da kwalinsu, rana na dukansu. Mai a kwalba a teburin ƴan ruwa-ruwa. A gasar Mishigan an taɓa yi wa wani gargaɗi dariya don ya ce kada a ƙyasta ashana a duba ko da sauran mai a tanki. Wanda ya taɓa tsayawa sayen lita ɗaya da dare, ana ɗura masa ga mai tsire yana hura wuta taku biyar daga wurin, ya san ba Amurkawa kaɗai ke buƙatar wannan magana ba.

Yanzu ga abin da ya sa maganar uwar yarana ta shige ni ranar takalmi. Ta san abin da take tuna mini.

Shekara huɗu ke nan, ranar sunan ɗan ƙanina, gidanmu ya cika da baƙi. Kwana biyu kafin nan na sayo kananzir don hura gawayi. Jarkar da muke zubawa ta fashe, sai na ɗauki robar lemo da ta ƙare na ɗura a ciki, na ajiye bayan ƙofar ɗakin girki, da niyyar in canza mata wuri. Ban canza ba. Wajen azahar, mata na ta hidimar tuwo, ɗan ƙanwata mai shekara biyu da rabi ya rarrafa bayan ƙofa ya ga robar lemo. Tari muka ji, irin wanda ba ya tsayawa. Aka ɗauko shi bakinsa da rigarsa na warin kananzir, idanunsa sun yi ja. Nan da nan gida ya rikice. Wannan ta ce a ba shi manja, waccan ta ce madara, wata ta riga ta naɗe hannun riga za ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar. Allah ya sa cikin ƴan suna akwai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. Ta ƙwace yaron ta ce kada wanda ya sa shi amai, kada a ɗura masa kome. Ta ce haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake, idan yaro ya yi amai sai ya shaƙe shi ya gangara huhu. Ta cire masa rigar, ta sa aka tsayar da kabu-kabu, ta ce in ɗauko robar mu tafi da ita. Kwana uku ya yi a asibiti ana ba shi iska. Allah ya tashe shi, bana ma ya shiga lakwal.

Daren farko ina zaune a barandar asibiti da robar a hannuna, don ban san inda zan ajiye ta ba. Na karanta jikinta kaf, abin da ban taɓa yi ba. Hoton lemo ne an yanka shi biyu yana ɗigar ruwa, ga rubutu cewa ya fi daɗi idan an sha da sanyi. Yaron bai yi wauta ba. Ya karanta alamar daidai yadda aka koya masa, ya ga lemo ya sha. Ni ne na sa kwalbar ta yi ƙarya, ni da ke tara wautar Nasara a bayan kaye. Ƙanwata ba ta ce mini kome ba har yau ban da "Yaya, ƙaddara ce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan na canza yadda nake wannan darasi. Har yanzu ina karanta musu na ƙugiya da na burushi, domin dariya ke buɗe kunne. Amma bayan dariyar sai in sa kowane ɗalibi ya zo da kwali ko kwalba uku da ba kome a ciki daga gidan da yake zaune, mu baje su a tebur, mu tambayi kowace guda: wa take yi wa magana, da wane harshe, kuma wa take karewa? Daga nan, idan sun fita sitaj, in ce su zana alamar ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a allo su tambayi ƴan CI me suka gani. Amsoshin da suke dawo mini da su sun ishi mai hankali. Wani yaro ya ce dodo ne. Wani ya ce hoton rigar yayansa ne. Wata ta ce nama ne aka cinye aka bar ƙashi. Ɗai-ɗai ne ke cewa guba. Da aka nuna musu alamar harshen wuta, wata yarinya ta ce ana nufin a dafa.

Ba yaranmu kaɗai ba ne. A 1971 wani likitan yara a birnin Fitsbag na Amurka, Richard Moriarty, ya lura cewa alamar ƙoƙon kai ba ta tsorata yaran garin, domin a wurinsu tambarin ƴan fashin teku ne na tatsuniya, kuma sunan da ƙungiyar wasan garin ke amsawa ke nan. Sai asibitinsu ya ƙirƙiro wata koriyar fuska mai yatsina ta zaro harshe, ana manna ta a kwalaben guba. Darasin da ke ciki ga malami a fili yake: hoto ma harshe ne, sai an koya. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomin haɗari na bai ɗaya, guda 9, kowace a cikin murabba'i mai tsaye kan kusurwa da jan layi kewaye. Akwai ƙoƙon kai na guba, akwai harshen wuta na abin da ke kamawa, akwai ruwa yana ɗiga a hannu yana cinye shi na irin su soda. Maganin ƙwari na gona kuwa, idan na asali ne, yana da zanen launi a gindin takardarsa: ja shi ne mafi guba, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai tsanwa, kuma tsanwar ma ba ta ce a sha ba. Duk wannan ba ya cin minti talatin a aji, kuma ɗan CE1 da ya iya shi zai koma gida ya karanta wa kakarsa.

Na san rubutu da alama suna da iyaka. A daren 5 ga Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru suna ɗibar man da ke zuba, ta kama wuta, fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti. Allah ya jiƙansu. Babu ɗaya cikinsu da bai san mai na kamawa da wuta ba. Talauci ne ya fi gargaɗin ƙarfin murya, kuma wannan ba aikin tawada ba ne. Shi ya sa wani lokaci gargaɗin da ya fi amfani shi ne wanda ba a rubuta ba. Wani likitan yara a garin Winza na Kanada, Henri Breault, da ya gaji da karɓar yaran da suka sha maganin manya, shi ya tsaya har aka ƙera murfin nan da sai an danna kafin a murɗa, a 1967. Murfin ba ya roƙon ɗan shekara biyu ya yi hankali, hana shi kawai yake yi. Kwatankwacinsa a gidajenmu shi ne ƙusa a bango can sama, ko akwati mai kwaɗo. Da na rataye robar nan a ƙusa da ba a yi kwana uku a asibiti ba.

Abu na ƙarshe da nake gaya wa ɗalibaina shi ne wanda ya fi yi mini nauyi, domin ni ma ya shafe ni. Mu iyaye da malamai, mu ne rubutun jikin kwali a rayuwar yaro. Wata Lahadi na ɗauki takarda na ce duk lokacin da na ce wa yarana "bari" ko "kada" zan ja layi. Kafin azahar na daina don kunya. Bari gudu, bari ihu, kada ka zauna nan, kada ki taɓa wancan, bari dariya. Da murya guda nake hana su taka tabarma da takalmi, da ita kuma nake hana su taɓa wayar lantarki. Ta yaya yaro zai gane wanne ne na tabarma, wanne ne na kabari? Mun zama Kalifoniya a cikin gida. A lakwal ma haka. Na shiga ajin CI da yawa na tarar da dokokin aji a manne a bango, layi goma sha biyar da Faransanci, a gaban yaran da ba su gama sanin harafin a ba. Wannan takarda sufeto ake rubuta wa, kamar yadda ake rubuta wa alƙali ta jikin burushi. Kuma idan yaro ya ji ciwo, kalmar farko da ke fita daga bakinmu ita ce, "Ba na gaya maka ba?" Ku saurare ta da kyau, ita ce dai kalmar lauyan kamfani. Kanmu muke wankewa.

Kakata ba ta yi lakwal ba, amma ta fi mu iya wannan aiki. Ba ta taɓa cewa "hattara, da zafi" ba. Cewa take yi kada a watsar da ruwan zafi a tsakar gida ba tare da bisimilla ba, don kada a ƙona ƴaƴan aljanu. Ba ina cewa mu koma tsorata yara da camfi ba, gaskiya ta ishe mu. Amma ku duba dabarar. Ta yi magana da harshen mai sauraro, ta kawo dalilin da ke zama a kai, kuma ta sa mai riƙe da tukunya ya dakata ya dubi ƙasa kafin ya watsa, a gidan da jarirai ke rarrafe. Abubuwan da take hanawa da wannan murya ba su da yawa, shi ya sa har yau, da furfura a gemuna, ba na iya watsar da ruwan zafi ban dubi ƙasa ba.

Abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da iyaye ba shi da tsada. A daren yau mu zagaya gida mu duba kwalaben lemo da na ruwa, duk wadda ke ɗauke da abin da ba na sha ba a juye shi a wani mazubi, a yi masa alama, a ɗaga shi sama. Mu riƙe cewa yaron da ya sha kananzir ko mai ko soda ko jabel ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, asibiti ake kai shi tare da kwalbar. Mu ware minti talatin a aji don alamomin nan. Sannan mu rage yawan "bari", mu ajiye babbar murya don abubuwa huɗu ko biyar da ke iya kisa, kowanne kuma mu faɗi dalilinsa da Hausar da yaro ke ji. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai an yi wa kunnen magana da abin da yake ganewa.

Ɗan ƙunshin takalmin ban jefar da shi ba. Na manna shi a bayan kayen, ƙarƙashin na ƙugiya. Jiya autar ta gan shi ta ce, "Baba, wannan ne wanda ba a ci." Na ce don me? Ta ce, "Don yana maƙale wa ƙanana a wuya." Na ce to je ki gaya wa ƙanen ƙawarki na maƙwabta, shi ma an sayo masa sabon takalmi.